Rigar da sunaye suka yi wa yawa: me ya hana Cleveland Browns tashi?

A tagar wani ofishi da ke birnin Cleveland, a jihar Ohio ta Amurka, an shafe shekaru ana nuna wata rigar wasa mai lamba 2 a jikin mutum-mutumi. Asali rigar Tim Couch ce, saurayin da ƙungiyar zari-rugar Amurka ta Cleveland Browns ta ɗauko a 1999 tana murnar ta samu madugu. Da aka sauya shi, sai masu ofishin suka soke sunansa, suka manna na magajinsa a ƙasa. Shi ma da ya tafi aka soke, aka manna wani. Sannu a hankali sunaye suka cika bayan rigar, suka zarce gindinta suna reto. Zuwa ƙarshen kakar 2024, mutum 40 ne suka fara wa Browns wasa a matsayin kwatabak, wato mai jefa ƙwallo da ke jagorantar hari, tun dawowarta NFL, babbar gasar wasan a Amurka, a 1999. A cikin wannan tsakani, maƙwabciyarta Pittsburgh ta riƙe mutum ɗaya, Ben Roethlisberger, har kaka 18.

Masu sharhi kan ce Browns ba ta da sa'a, wai ba ta taɓa dacewa da gwani ba. Ni ban yarda ba. Mutum 40 ba za su taru su zama ragwaye duka ba. In gida ya yi ta auren mata suna fita ɗaya bayan ɗaya, lokaci ya yi da za a daina zagin matan a leƙa cikin gidan. Amma kafin mu leƙa, sai mun fahimci dalilin da ya sa mutum ɗaya tak yake da wannan nauyi a wasan da ake yi da mutum 11.

A zari-rugar Amurka, masu kai hari suna da dama 4 su matsa gaba da yadi 10. In sun yi, a sabunta musu wasu 4. In sun kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ta ƙarshen fili ya ci maki 6. Bayan kowace dama wasa tsayawa yake yi a sake jeri, kamar 'yan kokawar da alƙali ya raba ya sake haɗawa. Kuma kusan kowace dama, hannun kwatabak ƙwallon take fara shiga.

Ka ɗauka kai ne shi. Tsakanin wata dama da wata akwai daƙiƙa 40. Cikin hular kwanonka akwai 'yar na'urar da koci ke yi maka magana ta ciki, ya karanto maka sunan dabara, wani dogon zance mai kama da kalmar sirri, wanda kowace gaɓarsa ke gaya wa wani ɗan wasa inda zai tsaya da inda zai ruga. Kai za ka maimaita wa mutum 10 ba tare da tuntuɓen harshe ba. In ya rage daƙiƙa 15 sai a katse na'urar, haka doka ta ce. Daga nan kai kaɗai ne. Ka dubi yadda masu tsaron baya suka jeru, ka gane ko tsayuwar gaskiya ce ko ta yaudara, domin su ma kocinsu ya koya musu ɓad-da-kama. In ka hango dabarar da aka ba ka za ta faɗa tarko, ka canza ta da ihu, a filin da dubban mutane ke kururuwa musamman don kada naka su ji ka. Ƙwallo ta shigo hannu, kana da abin da da ƙyar ya kai daƙiƙa 3 kafin ƙarti masu nauyin buhun masara da ɗoriya su danne ka. A cikin wannan ɗan taƙin za ka dubi mai karɓa na farko, in an tsare shi ka koma na biyu, ka koma na uku, sannan ka jefa ƙwallon wurin da mutumin zai kai lokacin da za ta sauka, domin a guje yake. Sau 30 ko 40 za ka yi haka a wasa ɗaya, haƙarƙarinka na ciwo tun daga zagayen farko.

A ƙwallon ƙafar da muka saba kallo a gidajen kallo, in mai lamba 10 bai ji daɗin jikinsa ba ranar, ƙwallo sai ta bi ta gefe, wani ya ɗauki nauyin. A nan babu hanyar gefe. Ƙari a kan haka, hukumar gasar ta daɗe tana gyara doka don jifa ya yi sauƙi. Tun 1978 aka hana masu tsaron baya tura mai karɓar ƙwallo in ya wuce yadi 5, aka kuma sassauta wa 'yan katangar da ke kare kwatabak yadda za su yi amfani da hannuwansu. Daga baya aka tsaurara hukunci kan duk wanda ya doki kwatabak a ka ko a gwiwa. Sakamakon a bayyane yake: daga 2013 zuwa 2024, babu shekarar da kyautar gwarzon ɗan wasan gasar ta je hannun wanda ba kwatabak ba. Na ƙarshe da ya karɓe ta daga wani gurbi shi ne Adrian Peterson, a 2012.

To, tunda abin haka yake, me zai hana ƙungiyar da ke shan kashi ta je kasuwa ta sayo gwani? Ai babu kasuwar. A Turai attajiri kan buɗe bakin jaka ya ɗauko wanda ransa ke so. A NFL ƙungiyoyi 32 ne, kuma an ƙayyade wa kowace adadin da za ta kashe a albashin 'yan wasa. A 2024 dala miliyan 255.4 ne, babba da ƙarama duk ɗaya. Wadda ta samu gwanin kwatabak kuwa ba ta sakinsa, gara ta sallami rabin ƙungiyar ta biya shi, kamar yadda Dallas ta amince ta ba Dak Prescott dala miliyan 60 a shekara. Hanyar da ta rage ita ce zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i da ake yi kowane watan Afrilu, inda ƙungiyar da ta fi kowa lalacewa a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓa. Ba a korar kowa zuwa gasa ta ƙasa. Wato tsarin da kansa tallafa wa mai rauni yake yi. Tun yarjejeniyar da aka ƙulla tsakanin gasar da 'yan wasa a 2011 ma aka rage kuɗin sababbin shiga: Sam Bradford da aka fara zaɓa a 2010 ya sa hannu kan dala miliyan 78, Cam Newton da ya biyo shi a 2011 kuma miliyan 22 ya samu na shekara 4. Don haka ƙungiyar da ta dace da yaro mai hazaƙa tana da shekara 4 ko 5 tana biyansa kuɗi kaɗan, ta zuba ragowar wajen tara masa gwanaye a kewaye.

A irin wannan tsari, zama a ƙasa shekara 20 sai an yi aiki tuƙuru. Browns kuwa ta yi.

Sau uku ta ɗauki kwatabak a lamba ta 22: Brady Quinn a 2007, Brandon Weeden a 2012 yana da shekara 28, da Johnny Manziel a 2014. Babu wanda ya yi ƙarko. A 2004 tana da zaɓi na 6, ta tsallake Roethlisberger, ɗan jihar Ohio, Pittsburgh ta ɗauke shi a na 11, ya ci mata kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar, har sau biyu, yana zuwa Cleveland kowace shekara yana lallasa su a gidansu. A 2017 Kansas City ta ɗauki Patrick Mahomes a na 10. A 2018 Buffalo ta ɗauki Josh Allen a na 7, Baltimore ta ɗauki Lamar Jackson a na 32. A duk shekarun biyu Browns ce ke da zaɓin farko.

A nan magoya baya kan dafe kai su ce da Mahomes aka ɗauka da an huta. Wannan ita ce maganar da nake ganin ba ta da tushe, kuma shekarar 2017 ɗin ita ce shaidata. A Kansas City, Mahomes ya tarar da koci Andy Reid, wanda ya fara jagorantar ƙungiya tun 1999, da kuma gogaggen kwatabak Alex Smith. Kusan duk kakar a benci ya yi ta, yana kallo, yana zama ajin nazarin faifan wasa, ana gyara masa tsayuwar ƙafa da ɗabi'un da ya taho da su daga jami'a. Sai a 2018 aka miƙa masa ragama, ya jefa ƙwallayen ci 50, ya zama gwarzon shekara. A Cleveland kuwa, a wannan shekara ta 2017, an ɗauki wani yaro DeShone Kizer a zagaye na biyu, aka cusa shi fili tun wasan farko a cikin ƙungiyar da ta ci wasa 1 tak a cikin 16 a kakar da ta gabata. Ya fara wasa 15, bai ci ko ɗaya ba, abokan hamayya suka cafke jifansa sau 22. Ƙungiyar ta gama kaka ba nasara ko ɗaya a wasa 16. A watan Janairun 2018 magoya baya suka fito cikin tsananin sanyi suka yi jerin gwanon zolaya suna zagaya filin wasan. Kocin, Hue Jackson, ya taɓa alƙawarin faɗawa tafkin Erie in aka maimaita abin kunyar 2016, kuma ya cika alƙawari, ya shiga ruwan. Da aka sallame shi a Oktoban 2018, wasa 3 ya ci a cikin 40. Ban ce Kizer zai zama Mahomes ba. Abin da nake tambaya shi ne, da Mahomes aka jefa cikin wannan rijiya, wa ya san ko sunansa ma da yana cikin masu reto a gindin rigar nan?

Tim Couch kansa haka aka yi masa. A kakarsa ta farko an kayar da shi sau 56 kafin ya jefa ƙwallo, domin katangar da ke gabansa ta kara ce. Yaron da aka doka haka, ko ya warke a jiki, idonsa ya riga ya koyi kallon masu zuwa dukansa maimakon masu karɓar ƙwallo, kuma wannan ciwo ba ya jin magani da wuri.

Sai kuma zancen sauyin koci, wanda a ganina shi ne tushen cutar. Daga 1969 zuwa 2025, koci 3 kacal Pittsburgh ta yi: Chuck Noll, Bill Cowher da Mike Tomlin. Browns kuwa daga 1999 zuwa 2020 ta naɗa 10, ban da na riƙon ƙwarya. Rob Chudzinski kaka ɗaya ya yi a 2013, Freddie Kitchens ma kaka ɗaya a 2019. Wanda bai san wasan ba zai ce ai sauyin koci ba wani abu ba ne, a Firimiya ma kullum ana yi. Bambancin shi ne a nan kowane koci da littafin dabarunsa yake zuwa, mai ɗaruruwan dabaru, kowace da sunanta a yaren da shi ya ƙirƙira. Sauya koci tamkar a ɗauki ɗalibin da ya fara iya Larabci a ce daga gobe da Faransanci za a yi jarrabawa. Kuma ba yare kaɗai ba: wani koci yana son 'yan katanga masu sauri, wani masu nauyi, don haka sai a watsar da waɗanda na baya ya tara a sake sabon lale. Sabon koci kuma ba ya jin nauyin kwatabak ɗin da ba shi ya zaɓa ba. In abu ya lalace, yana da wanda zai ɗora wa laifi.

Misalai sun yi yawa a wasu gidaje na yadda koci ke fito da abin da ke cikin yaro. Jared Goff ya fara wa Rams wasa 7 a 2016 ƙarƙashin tsohon tsari, ya faɗi duka 7, har an fara cewa asara aka yi. Aka kawo Sean McVay yana ɗan shekara 30, ƙungiyar ta ci 11 a 2017, shekara mai zuwa ta kai wasan ƙarshe na Super Bowl, kuma Goff ɗin ne dai. Trevor Lawrence ya sha wahala a Jacksonville ƙarƙashin Urban Meyer, wanda aka kora bayan wasa 13 a 2021. Da Doug Pederson ya zo, suka shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale, suka farke ci 27 da nema suka doke Chargers 31 da 30. Wanda ya fi burge ni shi ne abin da John Harbaugh ya yi a Baltimore. Da ya ga Lamar Jackson gudu ne makaminsa, bai tsaya tilasta masa ya zama irin kwatabak ɗin da aka saba gani ba. Rushe tsarin harin ya yi gaba ɗaya, aka ɗinka sabo daidai jikin yaron. A 2019 suka ci wasa 14 cikin 16, aka zaɓi Jackson gwarzon shekara ba hamayya. Wannan shi ake nufi da koci mai kyau. Ihu a bakin fili kowa ya iya.

Kada kuma a ɗauka koci shi kaɗai ya isa. Bill Belichick, wanda ya ci Super Bowl 6 da New England, Cleveland ya fara riƙewa daga 1991 zuwa 1995, ya ci 36 ya faɗi 44. Sai da ya dace da Tom Brady, wanda aka zaɓa a lamba ta 199 a shekarar 2000 bayan kowa ya wuce shi sau da yawa, sannan duniya ta san shi. Da Brady ya koma Tampa Bay a 2020, a kakarsa ta farko ya ɗauki kofi a can. Belichick kuwa ya gangara har zuwa nasara 4 a wasa 17 a 2023, suka rabu da ƙungiyar. Andy Reid ya yi kaka 14 a Philadelphia ba kofi, sai da Mahomes ya zo ya ɗauki 3. Ta ɗaya gefen, Matthew Stafford ya yi kaka 12 a Detroit bai ci wasan sili-ɗaya-ƙwale ko ɗaya ba, ya koma hannun McVay a 2021, shekarar ya ɗauki kofi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a wannan wasa hannayen guda biyu sanannu ne.

Akwai masu kawo Baltimore ta 2000 da ta ci kofi da Trent Dilfer, ko Tampa Bay ta 2002 da Brad Johnson, su ce tsaron baya mai ƙarfi ya wadatar. An yi, amma sau ɗaya ɗaya, kuma da 'yan bayan da ake lissafawa cikin mafiya ƙarfi a tarihi. Browns ta gwada wannan hanya ba da niyya ba. Joe Thomas ya tsaya a katangarta daga 2007 zuwa 2017, ya yi dama 10,363 a jere bai fita ko sau ɗaya ba, ya kare kwatabak 20 daban-daban, an sa shi a zauren gwarazan wasan a 2023, amma har ya yi ritaya bai taɓa buga wasan sili-ɗaya-ƙwale ba. Duk lokacin da na tuna shi sai in ji wani iri: mutum ya yi shekara 11 yana gadin ƙofar ɗakin da kullum baƙo ne a ciki.

Abin da ya ƙara wa labarin ɗaci shi ne wannan gida ne ya koya wa sauran haɗin koci da kwatabak. Sunan ƙungiyar ma daga kocinta na farko aka samo shi, Paul Brown. Shi ya mayar da horarwa ilimi: littafin dabaru, nazarin faifan wasa, jarrabawa a aji ga 'yan wasa. 'Yar na'urar nan ta cikin hular kwano da na ambata, shi ya fara gwada ta a 1956, hukuma ta haramta, ba a halatta ta ba sai 1994. Da shi da kwatabak ɗinsa Otto Graham sun yi kaka 10 tare daga 1946 zuwa 1955, sun kai wasan ƙarshe a duka 10, sun ci 7. Mai ƙungiya Art Modell ya kore shi a farkon 1963. Browns ta sake cin kofi a 1964, daga nan shiru. Brown ya je ya kafa Cincinnati Bengals a jiha ɗaya da su. Modell kuma ya kwashe ƙungiyar dungurungum zuwa Baltimore bayan kakar 1995, ta zama Ravens, ta ci kofi biyu, sai a 1999 aka sake kafa Browns a Cleveland. Yau Browns na cikin ƙungiyoyi 4 da ba su taɓa leƙa Super Bowl ba, tare da Detroit, Jacksonville da Houston.

Yanzu ga ɓangaren da ya sa nake cewa ba rashin sa'a ba ne. Akwai lokacin da abin nema ya samu.

Ranar 20 ga Satumba, 2018, ƙungiyar New York Jets na gaban Browns da ci 14 da nema, kwatabak ɗin Browns ya ji rauni, aka sako Baker Mayfield, wanda suka zaɓa na farko a shekarar. Suka ci 21 da 17, nasararsu ta farko cikin kwana 635. Yaron ya kafa tarihin ƙwallayen ci 27 a kakar farko. Amma cikin kaka 3 sai da ya yi aiki da manyan koci 4. Na huɗun, Kevin Stefanski, shi ya san yadda za a yi da shi: a dogara da gudun Nick Chubb, a yi kamar za a ba shi ƙwallo, masu tsaro su taho, Mayfield ya sulale gefe ya jefa inda fili ya buɗe. A 2020 suka ci 11 cikin 16. A Janairun 2021 suka je Pittsburgh wasan sili-ɗaya-ƙwale, Stefanski na gida a killace saboda korona yana kallo ta talabijin. Damar farko ta wasan, aka wurga wa Roethlisberger ƙwallo ta haye kansa, 'yan Browns suka faɗa mata a ƙarshen fili. Kafin zagayen farko ya ƙare ana 28 da nema. Aka tashi 48 da 37, nasararsu ta farko a wannan mataki tun kakar 1994. Mu da ke kallo a nan, wasannin dare na can sai tsakar dare suke farawa, amma wannan ya cancanci rashin barcin.

Kaka mai zuwa Mayfield ya ji rauni a kafaɗar hagu tun wasa na biyu, ya ci gaba da bugawa da ita a ɗaure, wasansa ya ja baya. Mai haƙuri da ya jira kafaɗa ta warke ya sake dubawa. Shugabannin Browns suka yanke cewa yaron na da kyau amma bai kai gwani ba, kuma gwani suke so yanzu-yanzu. A Maris 2022 suka ɗauko Deshaun Watson daga Houston. Abin da suka bayar: zaɓinsu na zagayen farko na shekara 3 a jere, 2022, 2023 da 2024, da wasu ƙari, sannan kwantiragin dala miliyan 230 na shekara 5 wanda dole a biya shi duka ko ya buga ko bai buga ba, tabbacin kuɗi mafi girma da aka taɓa ba wani a gasar zuwa lokacin. Mutumin bai buga wasa ko ɗaya ba a 2021. Mata fiye da 20 sun shigar da ƙara suna zarginsa da cin zarafi. Ya musanta, ba a gurfanar da shi kan laifi ba, an sasanta yawancin ƙararrakin a wajen kotu, hukumar gasar kuma ta dakatar da shi wasa 11. Da yawa daga magoya bayan da suka jure kakar da ba a ci ko ɗaya ba, a nan suka ajiye rigunansu. Ko ta fuskar wasa zalla ma akwai abin lura da aka ƙi lura da shi: a 2020 Watson ya fi kowa yawan yadin jifa a gasar, amma Houston wasa 4 ta ci cikin 16, domin gidan a rikice yake. Kuma salonsa na riƙe ƙwallo yana neman hanya da kansa bai dace da tsarin Stefanski mai son a bi ƙa'ida a jefa a kan lokaci ba. An sayo doki mai tsada ba a auna ƙofar barga ba.

Garin neman gira aka rasa ido. Cikin kaka 3 Watson wasa 19 ya buga, agararsa ta tsinke a Oktoban 2024, ta sake tsinkewa bayan 'yan watanni. Kuɗinsa ya danne kason albashin ƙungiyar, zaɓukan da za a ɗauko masa mataimaka ko magaji da su kuma suna hannun Houston. A Maris 2025 mai ƙungiyar, Jimmy Haslam, ya fito ya amsa cewa cinikin babban kuskure ne. Mayfield kuwa ya yi ɗan yawo ta Carolina da Rams, ya sauka Tampa Bay a 2023, ya kai su zagayen sili-ɗaya-ƙwale shekara biyu a jere, ya jefa ƙwallayen ci 41 a 2024.

Kakar 2023 ita ta nuna komai a fili guda. Browns na da 'yan bayan da suka fi kowa hana abokan hamayya matsawa a shekarar, Myles Garrett ya zama gwarzon mai tsaron baya, kuma Stefanski ya lallaɓa da kwatabak 5 daban-daban har ya ci wasa 11, aka sake ba shi kyautar gwarzon koci. Na huɗunsu Joe Flacco ne, ɗan shekara 38, wanda yake zaune a gida ba ƙungiya aka kira shi a watan Nuwamba. Ya ci 4 cikin 5, garin ya ɗauka da tsohuwar zuma za a yi magani. Iyakar abin da koci zai iya ke nan in babu madugu na dindindin. Sai suka haɗu da Houston a wasan farko na sili-ɗaya-ƙwale. Houston ɗin da ta ci wasa 3 kacal a 2022, amma ta ɗauko sabon koci DeMeco Ryans da sabon yaro C.J. Stroud a shekara ɗaya, ta kuma yi amfani da ɗaya daga zaɓukan da Cleveland ta ba ta wajen ɗauko mai tsaron baya Will Anderson. Sau biyu a jere aka cafke jifan Flacco aka ruga da shi har ƙarshen fili. Aka tashi 45 da 14.

A 2024 Browns ta ci wasa 3 ta faɗi 14. A zaɓen Afrilun 2025 ta ɗauko sababbin kwatabak biyu rigis, Dillon Gabriel a zagaye na uku da Shedeur Sanders a na biyar, Watson kuma na jinya, albashinsa na tafiya.